Ziyara Zuwa Tsibirin Ayona

A yammacin ƙasar Sikotland, wadda take arewa da Ingila, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Ayona. Turawa suna rubuta sunan Iona. Tsawonsa mil 3 ne, faɗinsa kuwa wajen mil 1 da rabi. Ƙauye ɗaya tak yake cikinsa, sunan ƙauyen da harshen mutanen wurin Baile Mor, wato Babban Gari. Sa'ad da aka fassara mini sunan sai dariya ta kama ni, gama yawancin gidajen a layi ɗaya suke, suna fuskantar teku, ba su kai unguwa guda ta ƙauyenmu ba. Da aka yi ƙidaya a shekara ta 2011, mutum 177 aka samu a tsibirin duka, har da jarirai.

Duk da haka baƙi fiye da 100,000 suke ketare ruwa kowace shekara domin su ga wurin. Masu karatu za su so su san abin da yake kai su. Ga abin da na gani, da abin da na koya.

Hanyar zuwa

Tafiyar tana bukatar haƙuri. Daga birnin Gilasgo mutum zai shiga jirgin ƙasa, ya yi wajen awa 3 kafin ya kai Oban, wani gari na bakin teku. Daga nan sai babban jirgin ruwa ya ɗauke shi zuwa wani tsibiri mai girma da ake kira Mul, tafiyar kusan awa 1. A Mul zai shiga bas ya ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma, mil 30 da ɗoriya. Yawancin hanyar ta mota ɗaya ce. In motoci biyu suka haɗu, ɗaya za ta raɓe a wani ɗan wurin da aka faɗaɗa domin haka, direbobin su ɗaga wa juna hannu. Tumaki ma sukan kwanta a kan kwalta, dole a jira su tashi.

A ƙarshen hanya akwai ƙaramin jirgin fito. Daga nan kana hangen Ayona sarai: farin rairayi, koren ciyawa, da wata majami'a ta dutse ita kaɗai a gefen ruwa. Minti 10 ya isa a haye. Baƙo ba ya shiga da motarsa sai da izini na musamman, saboda haka kowa da ƙafa yake yawo. Ni da na saba da zafin gida, riguna uku na sa, ga shi kuwa a watan Yuni ne, lokacin da su suke cewa ana ɗumi. A wannan wata rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. A watan Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi.

Zaman ƙauye

Mutanen Ayona manoma ne da masunta da masu saukar baƙi. Gonakinsu ƙanana ne. Suna kiwon tumaki da shanu, suna yankan ciyawa su ajiye domin watannin sanyi, kamar yadda mu muke ɗaure harawa domin rani. A yammacin tsibirin akwai wani fili mai laushi, ƙasarsa gauraye da garin kwanson teku, inda masu gonaki suke kiwo tare. Tun kaka da kakanni sukan kwashe ciyawar da teku take zubarwa a gaɓa su yi taki da ita. Itatuwa kaɗan ne ƙwarai, gama iska mai gishiri ba ta barinsu su yi tsawo.

Akwai kanti, da gidan waya, da masaukan baƙi, da makarantar firamare. Yaron da ya gama firamare yakan tafi Oban, ya kwana a can dukan mako, ya komo gida ranar Jumma'a in teku ta yarda. Wata dattijuwa ta gaya mini cewa in hadari ya taso jirgin fito ba ya tashi, wani lokaci kwana biyu ko uku, saboda haka uwargida mai hankali ba ta bari garin burodi ya ƙare mata. Harshensu na asali, wanda ake kira Galik, ya ragu ƙwarai. Yanzu Turanci ake ji a titi, amma yawancin sunayen tuddai da gaɓoɓi da Galik suke.

Da dare na ji wani tsuntsu yana kuka cikin dogayen ciyayi, kamar ana goga tsinke a bakin mataji. Ba ya yarda a gan shi. A nan yake ƙyanƙyasa, in sanyi ya matso kuma sai ya tashi zuwa Afirka. Saboda shi manoma sukan jinkirta yankan ciyawa har 'ya'yansa su yi ƙwari.

Mutumin da ya zo cikin jirgin fata

Labarin Ayona ya fara da wani mutum mai suna Kolumba. An haife shi a arewacin ƙasar Ayalan wajen shekara ta 521, a gidan sarauta. Mutanensa suna kiransa da wani suna mai ma'anar Kurciyar Ikkilisiya. Ya zaɓi zaman zuhudu, wato zaman mutanen da suka bar aure da dukiya, suka taru wuri ɗaya domin addu'a da karatu da aikin hannu.

A shekara ta 563 ya bar ƙasarsa tare da abokai 12. Jirginsu na saƙaƙƙun rassa ne da aka lulluɓe da fatar shanu. Labarin baka yana cewa wani yaƙi ne da aka yi a Ayalan, wanda Kolumba yake da hannu a ciki, ya dami lamirinsa, har ya yi wa'adi zai zauna inda ba zai ƙara hango ƙasarsa ba. Har yau ana nuna wani tudu a kudancin Ayona inda aka ce ya hau ya duba baya, bai ga Ayalan ba, sa'an nan ya ce a sauke kaya.

Ba su gina wani babban abu ba. Bukkoki ne na itace da ƙasa, da 'yar majami'a, da rumbu, da garke. Suna noma, suna tatsar madara, suna kamun kifi, suna kuma kwafin Littafi Mai Tsarki da hannu, gama a lokacin ba na'urar buga littafi. Daga nan suka riƙa shiga jirage suna kai bishara tsibirai da babban yankin Sikotland. Kolumba da kansa ya yi doguwar tafiya zuwa fadar Biridei, sarkin wata kabila da ake kira Fik, a arewa.

Shekara 34 ya yi a tsibirin. Adomnan, wanda ya shugabanci gidan daga baya, ya rubuta tarihinsa. Ya ce a ranarsa ta ƙarshe tsohon yana kwafin Zabura 34, ya kai ƙarshen shafi, ya ce wanda zai gaje shi ya ƙarasa. Da tsakar dare aka kaɗa ƙararrawa, ya riga kowa shiga majami'a, a nan aka same shi gaban bagade. A watan Yuni na 597 ke nan.

Gaban majami'ar ta yanzu akwai wani ɗan tudun dutse. A 1957 masu tonon tarihi suka sami gawayin wata bukka a kansa, suka ajiye. A 2017 masana na Jami'ar Gilasgo suka auna gawayin, suka ga itacen na tsakanin shekara ta 540 da 650 ne, wato zamanin Kolumba. Da yawa suna ganin ɗakin rubutunsa ne. Na hau tudun. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Abin da ya fito daga ƙauyen

Abu biyu suka fi burge ni cikin aikin waɗanda suka biyo bayansa.

Na fari, wani ɗan sarki daga arewacin Ingila mai suna Oswal ya yi gudun hijira zuwa wannan yanki, ya karɓi bangaskiya, aka yi masa baftisma. Da ya koma ya ci sarauta, sai ya aika Ayona a ba shi mai bishara. A shekara ta 635 aka aika masa Aidan. Aidan bai iya harshen mutanen sosai ba, saboda haka sa'ad da yake wa'azi sarki da kansa yakan tsaya ya yi masa tafinta a gaban hakimansa. Ta haka bishara ta kafu a arewacin Ingila.

Na biyu, a shekara ta 697 Adomnan ya tara sarakuna da shugabannin ikkilisiya a wani gari mai suna Bir, a Ayalan. Aka kafa doka cewa in ana yaƙi ba za a taɓa mata ba, ko yara, ko ma'aikatan ikkilisiya. Wanda ya karya dokar zai biya tara mai nauyi. Manya 91 suka ɗauki lamunin dokar. Ana lissafta ta cikin dokoki na farko a Turai da suka kāre waɗanda ba su riƙe makami ba. Shugaban wani gida a ƙauyen da ba shi da soja ko ɗaya, shi ya sa sarakuna suka ɗaure kansu da wannan alkawari.

Wuta da takobi

Sai masifa ta zo ta teku. Mahara daga wajen ƙasar Norwe, waɗanda ake kira Baikin, suka gane gidajen zuhudu suna da kayan azurfa da zinariya, ba su kuma da masu tsaro. Suka fāɗa wa Ayona a 795. A 802 suka ƙone gidan. A 806 suka kashe mutum 68. Kudu kaɗan da inda jirgin fito yake tsayawa akwai wani lungu mai farin rairayi wanda har yau ake kira Gaɓar Shahidai. Na ga yara suna wasa a wurin.

Waɗansu 'yan'uwa suka ƙaura zuwa Kels, a tsakiyar Ayalan, nesa da teku. Akwai wani littafi na Bishara huɗu da Latin, mai warƙa 340 na fatar maraƙi, kusan kowane shafi da ado mai ban mamaki. Ana kiransa Littafin Kels, yana ajiye a Kwalejin Tiriniti ta birnin Dablin. Masana da yawa suna ganin a Ayona aka fara rubuta shi wajen shekara ta 800, aka gudu da shi.

Amma ba duka suka tafi ba. A 825 maharan suka komo, suka sami wani ɗan zuhudu mai suna Bilatmak, suka ce ya nuna musu inda aka ɓoye akwatin ƙasusuwan Kolumba. Ya ƙi, suka kashe shi. A daren Kirsimeti na 986 kuma aka kashe shugaban gidan da dattawa 15. Bayan kowane hari sai a sami waɗanda suka share toka suka sake kafa rufi. A ƙarshe jikokin maharan nan da kansu suka zama Kirista, har waɗansu manyansu suka nemi a binne su a Ayona.

Akwai shaida ɗaya da ta ga wannan duka. Gaban majami'a akwai gicciye na dutse guda, tsawonsa wajen ƙafa 14, ana kiransa Gicciyen Martin. Yana tsaye a inda aka kafa shi fiye da shekara 1,200. A jikinsa an sassaƙa Maryamu da jaririn, da Daniyel tsakanin zakoki, da Ibrahim ya ɗaga wuƙa a kan Ishaku, da Dawuda da molonsa. Wanda bai iya karatu ba yakan tsaya a gabansa a koya masa labarin da yatsa.

Kango da kaburbura

Wajen shekara ta 1200 wani basarake mai mulkin tsibirai, Ranal ɗan Somaled, ya gina sabon gidan zuhudu na dutse a wurin tsohon. Ya gina wani kuma domin mata, 'yar'uwarsa Betok ta zama shugabarsu ta fari. Kangon gidan matan shi ne abu na farko da baƙo yake tararwa in ya haura daga bakin ruwa. Ba rufi, amma an shuka furanni a tsakar gidan, wuri ne mai daɗin zama.

Gaba kaɗan akwai maƙabarta, da wata 'yar majami'a ta ƙarni na 12 a tsakiyarta, ita ce gini mafi tsufa da yake tsaye cikakke a tsibirin. Wani mai ziyara ya rubuta a 1549 cewa sarakunan Sikotland 48, na Norwe 8, na Ayalan 4 suna kwance a nan. Masanan yau suna ganin an ƙara gishiri a lissafin, ba a kuma iya nuna kabarin ko ɗaya daga cikinsu. Waɗanda ake iya karantawa su ne na manoma da masunta, da na John Smith, shugaban jam'iyyar Leba ta Birtaniya, wanda aka binne a 1994. Ana iya ganin wani sashe na tsohuwar hanyar da aka daɓe da duwatsu, wadda ake bi da gawa daga bakin teku.

Bayan Gyaran Ikkilisiya na 1560 zaman zuhudu ya ƙare a Sikotland. Rufin ya zube, shanu suka riƙa kiwo a cikin kango. Ƙauyen ne ya ci gaba. Wajen 1840 mutanen tsibirin sun kusa 500. Sai ciwo ya kama dankali a 1846, shi ne kuwa abincinsu. Ga yunwa, ga kuɗin hayar gona da mai ƙasa yake jira. Iyalai da yawa suka shiga jirgi zuwa Kanada da Ostireliya, ba su komo ba. A wannan shekara ta 1846 ɗin ce masu bishara da wata ikkilisiyar Sikotland ta aiko suka sauka a Kalaba, inda Mary Slessor ta bi su a 1876.

Fastoci sun zama leburori

A 1899 mai ƙasar, wani basarake mai sarautar Argail, ya ba da kangon ga waɗansu amintattu, da sharaɗi cewa a gyara majami'ar, kowace ɗarikar Kirista kuma ta sami izinin yin sujada a ciki. Zuwa 1910 an gama rufe majami'ar. Ɗakunan kwana da na cin abinci suka rage a rushe.

Sai wani fasto mai suna George MacLeod ya shigo labarin. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Farko, daga baya ya riƙe ikkilisiya a Goban, unguwar maƙeran jiragen ruwa a Gilasgo. A lokacin aiki ya mutu, magidanta suna zaune a bakin titi, yawancinsu kuwa suna ganin ikkilisiya ba ta san wahalarsu ba. A 1938 ya ajiye aikinsa, ya kwashi magina da kafintoci marasa aiki, da samarin fastoci, suka nufi Ayona. Maginan ne shugabanni a wurin aiki. Fastocin su ne masu kwaɓa siminti da ɗaukar dutse. Tare suke ci, tare suke addu'a safe da yamma. Nufinsa fasto ya koyi maganar ma'aikaci kafin ya hau bagade ya yi masa wa'azi.

Yaƙi na Biyu ya zo, katako ya yi wuya. MacLeod yakan ba da labari cewa a 1940 wani jirgin Suwidin ya zubar da katakon da ya ɗauko cikin teku, ruwa ya kawo shi gaɓar Mul, daidai tsawon da suke bukata. Wajen 1965 aka gama ginin. Ƙungiyar da ya kafa tana nan, membobinta suna warwatse a ƙasashe da yawa, cikin ƙa'idarsu kuma har da gaya wa juna yadda kowa yake kashe kuɗinsa da lokacinsa.

Na shiga sujadar safe. Abin da na lura, ba a rufe ta da zama ko dogon sallama ba. Jama'a suna tsaye aka gama, kowa ya fita kai tsaye zuwa aikinsa, wani wanke-wanke, wani shara. Aka ce mini da gangan ake yin haka, domin a tuna aikin yini ci gaban sujada ne.

Kewayen tsibiri

Wanda yake da ƙarfin ƙafa ya hau Dun I, tudu mafi tsawo, wajen ƙafa 330. Daga kansa ana ganin tsibirin duka, da Mul, da wani ɗan tsibiri a arewa mai suna Sitafa, wanda duwatsunsa suke tsaye kamar ginshiƙan da aka sassaƙa, da babban kogo da teku take ruri a ciki. Ƙananan jirage suna kai baƙi can in ruwa ya kwanta.

Sa'an nan ya bi ta filin kiwo zuwa yamma, inda Tekun Atlantika take buɗe ba iyaka, ya juya kudu ta cikin taɓo. Zai iya ratsewa ya ga inda aka haƙi farin dutse mai sheƙi, aikin da ya tsaya a zamanin Yaƙin Duniya na Farko. Injunan suna nan sun yi tsatsa. A ƙarshe zai sauka gaɓar da aka ce Kolumba ya fara taka ƙasa. Ba gini a wurin, sai tsakuwa masu santsi, waɗansu kore shar. Masu ziyara sukan ɗauki biyu. Ɗaya su jefa a teku, alamar abin da suke so su rabu da shi, ɗaya su sa a aljihu. Tawa tana kan tebur a gida.

Abin da na komo da shi

'Yan'uwa, da yawa cikinmu a ƙananan ikkilisiyoyin ƙauye muke. Samari sun tafi birni, baiko ba ya isa sayen kwano, waɗansunmu kuma sun tsaya a kan tokar majami'arsu, sun binne nasu. Mutanen Ayona sun sha waɗannan duka. An ƙone su, an kashe su, yunwa ta kwashe su, rufinsu ya yi shekaru masu yawa a ƙasa. Kullum dai akan sami 'yan kaɗan da suka zauna, ko suka komo, suka kama aiki da hannu suna addu'a. Daga cikin irin waɗannan ne aka sami mai bishara domin Ingila, da dokar da ta tsare mata da yara.

In kun taru domin addu'ar iyali a wannan wata, ku tuna da ƙauyukan da aka watsa, da waɗanda suke shawarar komawa su sake gini. Ku tuna da fastoci da masu bishara da suke zaune a wuraren da mota ba ta kaiwa. Ku roƙi Ubangiji ya ba shugabanninmu ƙarfin hali irin na Adomnan, su yi magana domin mata da yara a gaban masu iko. Ku kuma gaya wa yaranku labarin ƙauyen nan mai layi ɗaya da ake kira Babban Gari.